Tumatirin da Ba Wanda Ya Shuka

Ranar da aka kai Fiddausi makwancinta, ban gama karɓar gaisuwa ba aka zo aka ɗora wa rijiyata murfin ƙarfe aka sa kwaɗo.

Jikata ce, ni na yaye ta. Zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar damina, muka ɗauka na sauro ne, muka yi ta ba ta magani yana sauka yana hawa. Da cikinta ya kumbura muka kai ta asibiti, suka ce taifot ne, har ya huda mata hanji. Kafin ita an yi rashin yara biyu a layinmu na Hausari, manya kuma suna kwance gida-gida.

Tun Fiddausi na kwance, Malama Na'ima duba-gari ta ɗebi ruwan rijiyar a kwalba ta tafi da shi. Da ta dawo ba ta yi mini kwana-kwana ba.

"Iya Falmata, akwai bayan gida a ruwan nan."

"A rijiyata?"

"A rijiyarki. Na duba shaddarki, tana can ƙarshen gida, ba daga ita ba ne. Amma ta wani wuri yana shiga."

"Ta ina?"

"Shi ne ban sani ba tukuna."

Ita ta ce ba ta sani ba. Mutanen unguwa kuwa duk sun sani. Matan da suka shekara talatin suna shigowa gidana da bokiti ba sallama, su ne suka koma janye 'ya'yansu in na wuce. Wata ta ce ƙazanta ce ta tsufa. Wata ta ce a dai bincika, don tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya biyu tana nan daram ba a rasa wani abu ba. Maƙwabcina Alhaji Bunu, mai gidan haya na bayan katangata, shi ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce rai ya fi rijiya, a cike ta kowa ya huta. Bulama, mai unguwarmu, ya yanke cewa Juma'a mai zuwa, in an sauko, za a kawo ƙasa.

Mijina marigayi Malam Almustapha ne ya haƙa rijiyar nan sadaka. In aka cike ta a haka, an cike ta da sunana a ciki, cewa ni na shayar da jikata abin da ya kashe ta. Ban yi boko ba, ban san ƙofar ofishin kowa ba. Amma na san hanyar kara.

*

Bubayaro na zaune a gindin darbejiya a bakin kasuwar shanu, yana gyaran igiya. Shi ake kira in an kore wa mutum garke. An ce ya taɓa bin sawun saniya ɗaya daga nan har bayan Nangere, ya same ta an shafa mata toka an sauya mata kama.

"Yau kuma Babarbariya a kara?" in ji shi. "Me kika zo sata?"

"In sata ce ai gidanku zan je koyo. Tashi, ɗan Fillo, aiki na kawo maka."

Na gaya masa komai. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya girgiza kai.

"Allah ya jiƙan yarinya. Amma ni sawun dabba nake bi, Falmata. Ciwo ba shi da kofato."

"Kashi ma ba shi da ƙafa. Wani ne ya ɗauko shi."

"An yi ruwa ya fi a ƙirga tun lokacin. Ko giwa ce ta wuce, sawunta ya wanke."

"To ka zo ka faɗa mini haka a bakin rijiyar. Ko Fulani sun daina jin kunyar taubasansu?"

Ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki sanda.

"Baiwa ta kira ubangijinta, ai dole ya je," in ji shi.

"Ka ji da shi. Yi sauri."

*

Ya zagaya rijiyar yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ya shafa bakin siminti, babu tsaga. Ya duba guga, ya duba igiya, ya tambayi wa da wa ke ɗiba. Na ce kowa, amma mai ɗiba da yawa Basiru ne mai kura, wanda ke tura jarkoki yana sayarwa gida-gida.

Mun sami Basiru a bakin titi yana faci. Da ya gan mu ya miƙe zumbur, don shi ma an fara nuna shi da baki.

"Wallahi Baba, ban taɓa ɗibar ruwan kududdufi ba. Masu cewa ina haɗawa ƙarya suke yi."

"Ban tambaye ka ba tukuna," in ji Bubayaro. "Jarkokin nan duk na rijiyar Iya ne?"

"Masu ruwan ɗorawa nata ne. Baƙaƙen na bohol ne, su nake kaiwa unguwar Dogo Nini."

"A Dogo Nini akwai wanda ya kwanta cikin masu sayenka?"

"Ko ɗaya."

"Da hannu ɗaya kake cika su duka?"

"Hannun ke nan, Baba, ba ni da wani."

Bubayaro ya juyo gare ni. "Ba shi ba ne. Da daga hannunsa ne, da can ma sun kwanta."

Basiru ya sami bakin magana. Ya ce shi wannan damina ba ta zo masa da alheri ba, rabon da ya yi ciniki na kirki tun walimar dawowar Alhaji Bunu daga Makka, ranar da Alhaji ya sa shi ya yi ta jigilar ruwa ana wanke lungu saboda baƙi.

"Mai kuɗi ke nan," na ce. "Har ƙasa yake yi wa wanka."

Bubayaro ya tsaya yana sosa gemu.

*

Ni a raina na riga na kama ɓarauniyata. Suwaiba mai kunun aya, wadda gidanta ke kallon nawa. Mun shekara muna rigima a kan kwata, don ta toshe tata ta juyo mini da ruwan wanke-wankenta. Ta taɓa ce mini sai na ga abin da zai same ni. Na ja Bubayaro har tsakar gidanta.

"Ga ta nan. Tambaye ta me ta jefa mini a rijiya."

Suwaiba na durƙushe tana dama koko. Ba ta ko tashi ba. Ta nuna ɗaki da ludayi.

"Leƙa ki gani, Iya."

Na leƙa. Mijinta ne kwance a tabarma, ya rame har ban gane shi ba, leɓɓansa sun bushe sun tsage.

"Ruwan rijiyarki muke sha kafin a rufe ta, da shi nake kunun da nake ci da 'ya'yana," in ji ta. "In zuba ƙazanta a tulun da nake sha? Rigimar kwata daban, hauka daban."

Bubayaro ya bi kwatar tata da sanda har waje. Ta gangara yamma, ta bar rijiyata a sama. Ya ce ko shekara ta yi tana gudu ba za ta hau tudu ba.

Na fito ban ba ta haƙuri ba. Daga baya na aika mata da gero.

*

Muka zauna a zaure. Na kawo masa fura, ya tambaya da wane ruwa na dama, na ce da na leda, ya sha ko ya bari.

"Ba ni labarin rijiyar nan tun daga farko," in ji shi.

Na ba shi. Ina goyon fari aka yi irin wannan ciwo a Hausari, wata shekara da ruwa ya yi yawa har shaddodi suka cika suka tumbatsa cikin lunguna. Lokacin ba mu san sunansa ba, zazzaɓin damina muke cewa. Ya ɗebi mutane, har da ɗana na fari. Rijiyoyin da ke kwari duk suka ɓaci, na kan tudu ne suka tsira. Shi ya sa Malam ya zaɓi wuri mafi tudu a filinsa, ya kuma roƙi maƙwabta kada kowa ya haƙa shadda ta gabas da shi. A lokacin fili ne har ana shuka masara a tsakanin gidaje. Yanzu kowa ya yanka gidansa ya yi ɗakunan haya, gidan da aka gina don mutum goma ya koma na hamsin, shadda kuma ɗaya.

"Da haƙa ɗaya ya sami ruwa?"

"A'a. Ta farko ta rufta da aka kusa ruwa, sai ya matsa kaɗan ya sake. Waccan aka jera mata itace aka rufe."

"Tana ina?"

"Ta faɗa rabon da aka sayar wa Bunu bayan rasuwar Malam. Ya ce zai cike ta kafin ya yi gini."

"Kin ga an cike?"

Ban gani ba. Katanga aka ja, ni kuma ba na leƙen gidan mutane.

*

Tsakanin katangata da gidan hayar Bunu akwai wani siririn lungu. Da can yara na bi ta nan, amma tun bayan walima aka toshe bakinsa da langa-langa, wai saboda ɓarayi. Bubayaro ya sa sanda ya ture shi gefe. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya durƙusa.

"Wa ke lambu a nan?"

"Lambu a lungu? Tsufa ya fara taɓa ka."

"Zo ki gani."

Tumatir ne. Ƙanana, ba su kai gwiwa ba, kore shar. Ya murza ganye ɗaya ya miƙo mini, na shinshina, babu shakka. Can gaba ga wani cunkus, can ma ga wani, har da 'yan tsiron barkono a tsakani.

"Ruwan wanke-wanke ne ya kawo iri," na ce.

"Ruwa gangara yake bi. Wannan tudu yake hawa." Ya miƙe yana nunawa da sanda. "Duba inda suka yi yawa. Nan, a kwana. Nan, inda aka yi tudun dutse. Nan, inda lungu ya matse. Duk inda mai ɗauke da kaya a ka zai yi tuntuɓe ko ya karkata, abin da ke cikin bokiti ya fallatsa."

"Wane abu?"

"Falmata, ke da kika yi noma. Wane taki ne in an zuba a gona tumatir ke fitowa ba wanda ya shuka?"

Na sani. Kowa ya sani. Ƙwayar tumatir ba ta narkewa a cikin mutum, yadda ta shiga haka take fita. Duk gonar da aka kai wa takin shadda da rani, ruwan farko sai ka ga tumatir ya rufe ta.

"Sun wanke lungu don kada a ji wari," in ji Bubayaro. "Ba su san ban-ruwa suka yi ba. Sannan suka toshe, akuya ba ta shiga ta cinye ba. Na ce miki ruwa na wanke sawu. Wannan ruwa ne ya tsirar da shi."

Muka bi layin. Ƙarshensa ɗaya ya tsaya a bayan shaddar gidan haya, inda aka yi sabon liƙin siminti. Ɗaya ƙarshen ya kai mu wani ɗan kango a jikin katangata, inda tumatir ya yi duhu kamar an yi fangali. Na ɗaga kai, na hango reshen zogalen da ke bakin rijiyata ta saman katanga.

Na zauna a ƙasa.

"Kada ki je gidansa yau," in ji Bubayaro. "Na san bakinki. Ki bari sai Juma'a."

Wannan shi ne abu mafi wuya da aka taɓa sa ni.

*

Ranar Juma'a aka sauko, aka taru a ƙofar gidana. An kawo ƙasa a amalanke. Bulama na kan kujera, Malama Na'ima na gefe, don na aika mata. Basiru ya zo, Suwaiba ta tsaya a bakin zaurenta. Alhaji Bunu ya iso da farar babbar riga yana jan carbi.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Bulama. "Ba don a wulaƙanta ki ba ne."

"An riga an yi. Kafin a zuba ƙasa, ina roƙon kowa ya biyo ni lungu. Ba nisa."

"Ranka ya daɗe, rana na yi," in ji Bunu. "Tsohuwa ce, baƙin ciki ya taɓa ta."

"Ya taɓa ni, Alhaji. Taho ka ga lambunka."

Aka bi mu. Bubayaro ya nuna musu layin tun daga sabon siminti har kango, ya faɗi abin da ya faɗa mini, bai ƙara ba bai rage ba. Manoman da ke cikin taron suka fara kallon juna tun bai gama ba.

Bunu ya yi dariya. "Yanzu a kan tumatir za a tsayar da mutane? Tsuntsu ma na yar da iri."

"Tsuntsun da ke tuntuɓe a kwana ban taɓa ganinsa ba," in ji Bubayaro. "Basiru, wane lungu aka sa ka wanke?"

"Wannan ne, Baba."

"Baƙin walima ta nan suka bi?"

"A'a. Ta ƙofar gaba."

Bulama ya ce a kawo rodi. Aka kafa shi a tsakiyar kangon, mutum biyu suka danna. Ya ɗan tsaya a kan itace, sai ya zurma gaba ɗaya kamar an soka a kunu. Da aka zaro shi, ba wanda ya bukaci bayani. Mutane suka ja baya suna toshe hanci da hula.

Malama Na'ima ta dubi ramin, ta dubi katangata. Ta ce rijiyoyin biyu jijiyar ruwa ɗaya suke sha, abin da aka zuba a wannan da damina kamar an zuba a waccan ne.

"Alhaji Bunu," in ji Bulama, "muna jin ka."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce shaddar 'yan haya ce ta cika ana jibi walima, wari har ɗakin baƙi. Ya kira masu kwasa, suka ce da rani ne manoma ke rububin abin, yanzu shuka ta tashi ba mai karɓa a gonarsa, hanyar bayan gari kuma ta cika da laka. Sai ya tuna da ramin.

"A filina yake," in ji shi. "Ban zuba a na kowa ba. Wallahi ban san zai tsallaka ba."

"Na yarda ba ka sani ba ranar da ka zuba," na ce. "Ranar da duba-gari ta ce akwai bayan gida a ruwa fa? Ranar nan ka sani. Fiddausi na kwance a lokacin, mijin Suwaiba bai ko fara ba. Da ka buɗe baki, da an san abin da ake yi wa magani. Sai ka tafi ƙofar masallaci ka ce a cike rijiyar tsohuwa. So kake a binne tawa, taka ta ɓace a ƙarƙashinta."

"Iya, a yi sulhu. Duk abin da kike so..."

"Kada ka kira ni Iya. Yarinyar nan kai ka yi mata huɗuba."



Bulama ya ce maganar ta fi ƙarfin zaurensa, akwai rayuka a ciki, za a miƙa ta gaba. Kafin nan Bunu zai kwashe ramin a kai bayan gari yadda duba-gari ta ce, kuma Juma'a mai zuwa zai tsaya a ƙofar masallaci inda ya tsaya a baya ya faɗi da bakinsa wanda ya ɓata ruwan.

Sannan ya juyo wajena. "Rijiya kuma a buɗe wa Iya kayarta."

Na dubi Malama Na'ima. Ta sunkuyar da kai.

"Faɗi gaskiya, 'yar nan."

"Ba za ta shawu ba, Iya. Ƙasar ta riga ta sha. Ko an yashe ta, ba zan iya ce wa uwa ta ba ɗanta ba."

Na ce a ba ni mabuɗin. Na buɗe kwaɗon da hannuna, na ɗaga murfin, na leƙa. Ruwan na nan garau, har ina ganin fuskata. Na karɓi kwanon awo a hannun Suwaiba, na cika shi da ƙasa daga amalanke, na yi bisimilla na zuba. Malam ya haƙa ta don mutane su rayu. Ba zan bari ta ci wani yaron da sunansa ba.

Na miƙa wa Bunu shebur. "Saura naka. Da rigar."

Ya yi ta cike ta har la'asar sakaliya, ba wanda ya kama masa.

*

Da Bubayaro zai tafi na ɗauko masa zakara, ya ƙi karɓa. Ya ce ba a biyan ubangiji a gidan baiwarsa. Na ce dama ramammen ne na zaɓo masa. Ya ce in sa a tuge tumatirin nan kada yara su ci. Na ce yara zan hana, amma ba mai taɓa shi sai alƙali ya zo ya gani da idonsa.

Har yau ana ɗaga zaman shari'ar. An ce Alhaji ba shi da lafiya, an ce ana neman masu kwasar, an ce in yi haƙuri. Ni ba inda za ni. Na cire langa-langan bakin lungu na kewaye wurin da ƙaya, kullum da safe ina fitowa da kujerata in zauna. Tumatirin ya yi 'ya'ya, sun nuna jajur, ba wanda ya tsinki ko ɗaya a duk Hausari. Ta gabansu Bunu yake wucewa in zai je masallaci, sau biyar a rana.